Mun Bi Ta Gaban Masallaci

Lahadin Dabino, da dare.

Yau jerin gwanonmu ya bi ta gaban masallaci, hanyar da muka ƙaurace wa tun rikici. Fasto ya sa aka tsayar da ganga. Samarinsu na tsaye a ƙofa, babu mai murmushi.

Daidai nan jiri ya kwashi Mama, ta zube. Samarinmu suka yo baya da gudu, na ce shi ke nan, za a kaure. Sai wani dattijo ya fito da benci da ruwa.

"Ku ci gaba, 'yata, za mu kula da ita."

Ni ke ba da waƙa, dole na tafi. Da na dawo, na tarar tana shan mangwaro, tana ba su labarin ƙuruciyarta a Gwantu. Yau kam zan yi barci.