Kujerar da Na Ba Baƙo

Batsari,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Yaya Armaya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, Ya kuma buɗa maka kasuwa a can Ibadan. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har gidan suna take zuwa da kanta, geronmu na bayan gari kuma ya fid da kai. Na rubuto ne maimakon in buga waya don ka san gidanmu, ko tari ka yi a zaure Inna tana ji daga madafi.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Ka tuna shekara uku ke nan da na baro ofishin duba dabbobi na ƙauyen nan na bayan Ruma, tun ranar da ɓarayin daji suka kore shanun mutane suka banka wa rufinsa wuta. Tun lokacin nake raɓe a ɗakin abokan aiki a nan Batsari, su uku ni na huɗu, a gefen teburin Malam Sahabi, kan kujerar robar da na ɗauko daga gida. To, watan jiya aka turo mutane da igiyar awo da kwamfuta, wai za a daidaita ofisoshin gwamnati. Kowane ma'aikaci da faɗin wurin da ya dace da matakinsa, a zuba komai a rumbun bayanai guda, ɗaki da lambarsa, mutum da ɗakinsa. Wallahi har murna na yi, na ce ƙila bana in samu teburin kaina.

Ranar da suka zo, shugabansu dattijo ne mai furfura, ya shigo yana ta zufa, ga shi babu kujerar da ta rage. Haba Yaya, ina ni ina zama, baƙo sa'an Baba yana tsaye? Na miƙe na ba shi tawa, na ce bari in samo musu fura da ruwan sanyi. Kafin in je bakin tasha in dawo sun auna ɗaki, sun ƙirga mutum uku, sun ɗauki hoto sun tura. Suka shanye furata tas, suka sa mini albarka, suka wuce. Na san za ka yi dariya, kai da kullum kake cewa kirkina ya yi yawa. Yi abinka, garin neman ƙiba na samo rama.

Makon jiya takarda ta fito. Ɗakin Batsari na mutum uku ne, ya cika ƙa'ida, ba a ƙara kowa. Ni kuwa kwamfuta ta ce har yanzu ina da ofishina na bayan Ruma, ɗaki biyu da baranda, har ma ya fi ƙarfin matakina! Kuma duk wanda ba a same shi a ofishin da aka rubuta masa ba, za a ɗauke shi ma'aikacin bogi a cire sunansa. Shekara goma sha tara ina bin garke da allura, yau ni ne na bogi.

Da na ji masu awon sun koma Safana, na hau babur na bi su. Na tarar da mai shigar da bayanan, wata baiwar Allah wai ita Sadiqa, ta saurare ni da mutunci. Na nuna mata takardar shaida da Malam Sahabi da sauran suka sa wa hannu, ta ce ta yarda da ni, amma tsarin ba shi da gurbin irin wannan takarda. Raina ya ɓaci, na faɗi maganganun da har yanzu nake jin kunyarsu. Ba ta rama ba. Ta ce hanya ɗaya ce, in je in tsaya a gaban ginin na Ruma in ɗauki hoto da manhajarsu, wadda ke nuna inda mutum yake tsaye, sai a rubuta cewa ginin ba ya zaunuwa, a nema mini wuri a gari. Na tambaya ko wani zai iya ɗauko mini, ta ce dole fuskata ta fito. Ranar Laraba za a rufe gyara.

Don haka Litinin da safe zan shiga ƙauyen, in Allah Ya yarda. Na samu mai babur ɗan can wanda ya san hanyoyin ƙafa, ya ce kwana biyun nan shiru, amma shi ma bai ce mini lafiya lau ba. Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Sai dai in na zauna a gida, aiki ya tafi, da me zan riƙe yara biyar da Inna? An ce in ba ƙira, me ya ci gawayi. Aƙalla in san na yi iyakar ƙoƙarina.

Abin da nake roƙonka, kada ka gaya wa Inna. Ita ta san rigakafi zan je yi Safana. Zan kira ka da zarar na fito inda waya ke kamawa. Idan har la'asar ta wuce ba ka ji ni ba, kada ka buga mata, ka kamo hanya ka faɗa mata da bakinka.

Ka gaishe mini da Yaya Naja'atu, da Rilwanu, da Lubna, da 'yar autarku Nazifa. Inna tana sa muku albarka. Mai ɗakina Ikilima ma tana gaida ku. Ita ta san gaskiya, kuma ba ta ce kada in je ba. Tun jiya dai ta ciro mini tsofaffin kayan gona, yanzu haka tana zaune tana ɗinke katin aikina a cikin ƙugun wando, don in an tare mu kada a gane ma'aikacin gwamnati ne.

Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Hashimu