Askin Gurmel

Villeurbanne, 9 ga Fabrairu 1994

Zuwa ga matata Zouera,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Raihana da Gwaggo. Ina lafiya, sai sanyi.

Kin tambayi su wane ne Sikh ɗin nan da nake rubutu a kansu. Mutanen Fanjab ne a Indiya, masu addininsu daban, ba sa aske gashi, suna naɗe shi cikin rawani. A da ƙungiyoyin mayaƙa ne a warwatse, har wani sarki mai ido ɗaya ya haɗa kansu, ya ci Lahor, ya ɗauko hafsoshin Faransa suka horar masa da soja. Turawan Ingilishi na bakin kogin iyaka suna jira.

A Paris na haɗu da ɗayansu, Gurmel Singh, mai guga a wani shagon ɗinki. Na yi masa sallama da Hausa, na zaci Buzu ne. Ya yi dariya, ya ba ni shayi. Ya gudo ne saboda 'yan sandan garinsu sun tafi da ƙanensa, bai dawo ba. Yana neman takardar mafaka. In an hana shi, za a mayar da shi hannunsu.

Mijinki,
Abdourahamane

Paris, 20 ga Mayu 1994

Zouera,

Ina gaishe ki, ya jikin Gwaggo?

Na raka Gurmel ɗaukar hoto. Ofishin mafaka ya ce sai hoton kai ba rawani. Ya shiga ɗan akwatin hoton da ke tashar jirgi, ya ja labule, ya miƙo mini rawanin. Kin san abin da tuɓe rawani yake nufi a Damagaram. Na riƙe shi ina kallon ƙasa.

A rubutuna na kai babin faɗuwar Sikh. Sarkin ya mutu, rikicin fada ya cinye 'ya'yansa, manyan hafsoshi suka yi magana da Turawan Ingilishi a ɓoye yayin da sojojinsu ke mutuwa. Cikin shekara goma ƙasar ta tafi. Yaron da aka bari kan gado a nan Paris ya zo ya mutu bayan ya manyanta, a ɗakin otel. Gurmel ya ce ya san titin, ba ya bi.

Ki sumbaci Raihana.
Abdourahamane

Villeurbanne, 3 ga Nuwamba 1994

Zouera,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni.

An hana Gurmel takardar mafaka, ƙarar da ya ɗaukaka ma ta faɗi. An ba shi wata guda ya bar ƙasar. Ya zo wurina nan Lyon ranar Asabar da almakashi a aljihu. Ya ce a filin jirgin Delhi mai gemu da rawani ake fara ja gefe. Ɗan'uwansa Sikh ba zai yarda ya yi masa aski ba, kuma ba ya son hannun wanzamin da bai sani ba.

Na ce ya sake tunani. Ya ce, "Malam, kai ka karanta yadda muka ajiye makamai. Yi kawai."

Gashin ya kai ƙugunsa. Tun haihuwa ƙarfe bai taɓa shi ba. Na yanke, na haɗa da gemun. Bai yi kuka ba, bai kuma dubi madubi ba. Na raka shi tasha, cikin taron ya ɓace mini, don idona na neman wani mutum daban, mai rawani.

Gashin yana nan cikin leda a ƙarƙashin gadona. Da a gida ne, da na tona rami na binne. Nan ko'ina siminti ne, kuma ba zan iya sa shi a shara ba.

Ki yi masa addu'a, ko da ba addininmu ɗaya ba.

Mijinki,
Abdourahamane