Kyamarar Marleni

Litinin, 5 ga Agusta
Na buɗe shago, karon farko tun da aka binne mijina Teófilo. Ban zauna a kujerarsa ba. Duk zamanmu ni ke kwance kwamfuta in ɗaure, shi ke gano cutar. Ya ɗiga sifirit a allon cikin kwamfutar, ya ba shi wuta, inda ya fara bushewa nan ɓarnar take. Ko ya bi da bayan yatsa har ya ji zafi.

Laraba, 7 ga Agusta
Shagon Marleni da ke kallon namu ya cika. Rabin mutanen namu ne. Duk saboda kyamarar nan mai ganin zafi. Ta ɗora a kan allo, wuri ya yi ja, su buɗe baki kamar sun ga waliyyi. Teo kan ce kayan ragwaye ne.
To me yake zuwa yi wurinta kullum, a watannin ƙarshe, da allo a hammata? Daga nan nake jin dariyarta. Ban taɓa tambaya ba.

Asabar, 10 ga Agusta
Don Braulio mai fotokwafi ya kawo kwamfutarsa, ta ƙi tashi. Shi kaɗai ya rage mana. "Doña Zoila, Juma'a nake so. In ba za ki iya ba ki faɗa, ba fushi." Yana magana, idonsa na tsallaken titi.
In shi ma ya tafi, sai in mayar wa mai shagon makullinsa.

Talata, 13 ga Agusta
Sifirit ya kusa ƙarewa. Ban ga komai ba. Marleni kuwa ta sa sabon jan baki.

Alhamis, 15 ga Agusta
Na tsallaka wurin Marleni da allon Don Braulio.
"Zoilita, sai yau? Na ɗauka teku ne tsakaninmu."
Na ce aiki ya kawo ni, ba gaisuwa ba.
"Ajiye nan, inda mijinki ke ajiyewa."
Na ce ai na san ya saba da wurin. Ta dube ni, ta fashe da dariya. "Wannan tsohon mai taurin kai? Ko kyauta! Ciwon suga ya kashe masa yatsu, maƙwabciya, ido ma ya fara. Ya daina jin zafi. Ya rantsar da ni kada ki sani."
Ta ɗora kyamarar. Ɗigon ja ya fito kusa da wurin caji, bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Ni da nake yanke masa farce ban sani ba. Ita ta sani.

Juma'a, 16 ga Agusta
Ni na cire abin da ya lalace, ni na liƙa sabo. Don Braulio ya kunna, ya ce hannun marigayi bai bar shagon ba. 
Har yanzu haushi nake ji. Da abin da na zata ne, da na san yadda zan tsane ta.

Lahadi, 18 ga Agusta
Daga coci na wuce maƙabarta. Na kai masa furanni, na yi masa faɗa sosai.

Litinin, 19 ga Agusta
Marleni za ta cin abinci, ta bar min kyamarar in riƙe mata. Babu kowa. Na dafa kujerar Teo da tafina, na ɗaga, na duba da kyamarar. Ga hannu nan ja a kan katako, yatsu biyar. Na tsaya ina kallo har ya dushe. Sai na zauna.
Da ta dawo na miƙa mata miyar kaza. Ta yi min yawa ne kawai.
Gobe zan tambaye ta inda ta saya. Tambaya ce, ban ce zan saya ba.