Kifin da Ya Rufe Hanyar Sorrel

Sorrel, bakin tekun Fasifik
Oktoba, 1966

Zuwa ga matata Verna,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gidan da kika bar mini da sanyinsa. Yaya ƙarfin jiki? Tarin ya fara lafawa? Ƙanwarki Hazel ta rubuto mini cewa busasshiyar iskar garinsu ta karɓe ki, har kina barci ba sai an tokare ki da matasai ba. Ki gaishe ta, ki ce na gode da riƙe mini ke. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da kika sani.

Teku ya sake ajiye mana kaya. Shekaranjiya da safe Opal mai gidan abinci da masaukin baƙi ta buɗe taga ta hango wani baƙin abu kwance a yashi, ta ɗauka jirgin masunta ne ya kife. Ashe kifin wel ne, ƙaton dabbar nan ta teku, tsawonsa ya kai motar ɗaukar gungume. Kuma da ransa, Verna. Idan ya saki numfashi ta ƙofar da ke kansa, tun daga bakin titi ake jin hucin.

Kin san duk abin da ya faɗo kan yashin nan mu yake jira. Tun zamanin da babana yake kora keken dawakin gidan waya a kan gaɓa, yana jiran ruwa ya janye kafin ya wuce, gwamnati ta rubuta cewa bakin teku hanya ce, ta damƙa wa Ma'aikatar Hanyoyi. An shimfiɗa kwalta tun ina saurayi, amma ba wanda ya tuna ya soke dokar. Shi ya sa na kwashe gungumen itace, na ja fasasshen kwale-kwale, na binne saniyar da ambaliya ta kawo, lokacin yaƙi har gadin nakiyar ruwa na yi kafin sojoji su iso. Matattun wel na binne biyu. Mai rai ne ban taɓa gamuwa da shi ba.

Na buga wa Mista Purcell, babbanmu na ofishin yanki. Ya ce, “Eino, mu gawa muke ɗauka, mai rai ba namu ba ne. Ka haƙa rami can sama inda yashi ya bushe, ka jira. Katafila kuwa kada ta taka jiƙaƙƙen yashi, ita kaɗai gare ku, ga ruwan sama na tafe.” Gaskiya ya faɗa, ban yi masa musu ba.

Jiya ni da Wendell direban katafila muka wuni muna haƙa. Kifin yana kwance idonsa a buɗe, ramin yana ƙara zurfi a gabansa. Can Wendell ya kashe inji ya leƙo ya ce, “Shugaba, wannan fa rashin kunya ne. Ko kai aka haƙa wa kabari kana kallo ai sai ka yi fushi.” Na ce ya yi aikinsa. Ya ce, “To ka je ka ba shi haƙuri, ka ce masa umarni ne daga sama.”

Mutanen gari duk suna can da bokitai suna kwara masa ruwa. Opal ta kwaso zannuwan gadon ɗakunan baƙinta ta jiƙa ta lulluɓa masa. Da ta gan ni ta tare ni, ruwa na ɗiga daga hannunta, ta ce, “Eino Rautio, ga katafila a hannunka kana tsaye? Ka yanka masa hanya zuwa ruwa mana. Ka tsufa kana yi wa motoci hanya, ka kasa yi wa halittar Allah guda ɗaya?”

Na juya na koma bakin ramin. Shekara guda ta rage mini in kai ga fansho, in sayar da gidan nan in taho wurinki. Ban ga dalilin da zan saɓa wa ofis yanzu ba. Amma ina jin numfashin nan har cikin kicin ɗinki.

Ki sha maganinki kan lokaci.

Mijinki,
Eino


Sorrel
Farkon Nuwamba

Verna tawa,

Ina fatan wannan ta same ki cikin sauƙi, da Hazel da yaranta. Safar da kika saƙa ta iso, ta yi mini daidai. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Na yi abin da aka hana ni. Kwana ɗaya bayan wasiƙar da na aiko miki na sauka gaɓa, na tarar fatar kifin ta fara tsagewa, tsuntsayen teku suna sauka a bayansa suna tsaga yana ji. Na dubi Wendell, shi ma ya dube ni. Na ce ya tayar da inji.

Ruwa ya janye sosai a ranar. Muka yanka masa magudana mai faɗi tun daga wutsiyarsa har bakin ruwa, masunta suka ɗaura masa igiya daga jiragensu. Da teku ya fara cikowa ruwa ya bi magudanar, ya kewaye shi, ya ɗaga shi kaɗan kaɗan. Jirage suka ja. Sai ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya jiƙa rabin mutanen gari, ya sulale ya tafi. Verna, da kin ga Sorrel a lokacin. Tsofaffi suna rungumar juna, Opal tana kuka tana dariya, yara suna bin gaɓa da gudu suna nuna inda yake fesa ruwa.

Muna cikin kallonsa ne Wendell ya juyo da katafila zai fito, sarƙar ƙafarta ta hagu ta zame daga mazauninta. Ta tsaya cik a yashin da muka gama tonawa, ta fara nutsewa. Muka sa katako a ƙarƙashinta, muka kira motar masu yankan itace ta ja da igiyar ƙarfe, igiyar ta tsinke. Ruwa ya kawo gwiwa, ya kawo ƙugu. Wendell ya ƙi saukowa, yana ta murza inji yana cewa, “Tashi mana, tsohuwa, kada ki yi mini haka.” Da kwalar rigarsa na fizgo shi. Washegari bututun hayaƙinta kaɗai ake gani.

Duk da haka mutane suka yi ta zuwa suna ba ni hannu. Opal ta ce abincina kyauta ne a gidanta har in mutu. Na ci na kwana biyu. A na uku wani masunci ya zo ya ce kifin ya dawo. Teku ya watso shi ƙarƙashin tsaunin da ke arewa da gari, cikin duwatsu, inda ko keken hannu ba ya isa. Ya mutu.

Mista Purcell ya zo da kansa. Ya daɗe tsaye yana kallon bututun nan, hularsa a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Na so a ce ka yi mini ƙarya cewa birki ne ya tsinke.” Na ce a gaban gari duka aka yi. Ya ce, “Na sani. Dole in rubuta.” Na roƙe shi kada ya sa sunan Wendell, tunda ni na ba da umarni, kuma matarsa tana da tsohon ciki. Ya amince.

Kada ki sa damuwa a ranki, ba ta yi wa ƙirjinki kyau. Sai abin da ofis ya ce.

Naki kullum,
Eino


Sorrel
Disamba

Zuwa ga Verna,

Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki da sanyin can. Ki yafe mini jinkirin amsa. Motar gidan waya ta daina shigowa, sai wanda zai fita da ƙafa ake ba wa wasiƙa.

Tun tsakiyar watan jiya ake ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kin tuna kwanar nan ta kudu, inda titi ya rungumi tsauni, teku na ƙasa? Ƙasa ta zaftaro ta toshe kwalbatin wurin. Duk shekara haka take yi, kuma duk shekara kafin rana ta take mun ture ta da katafila. Bana ni da Wendell da shebur biyu muka je. Muna haƙa laka tana dawowa. Na buga waya a aiko mana da inji, aka ce duk suna can wajen sabon titin da ake yi ta bayan tsauni, wasu kuma ambaliya ta tsare su, mu yi haƙuri zuwa mako mai zuwa. Ruwa bai jira mako mai zuwa ba. Ya taru a bayan titin ya zama tafki, ranar Lahadi ana cikin coci muka ji ƙara kamar tsawa. Da muka je babu titi. Kwalta da turakun gefe da duk abin da ke wurin sun gangara teku, sai rami mai faɗin filin ƙwallo.

Injiniyoyi sun zo sun auna. Sun ce tsaunin gaba ɗaya tafiya yake yi, ko an gyara bana zai sake tafiya baɗi, ga sabon titi za a buɗe da bazara, wanda ba ya bi ta Sorrel. Ba za a gyara ba. Wanda ke son fita ya bi tsohuwar hanyar masu yankan itace, wadda sai babbar mota, ita ma sai ƙasa ta bushe. Ɗaya daga cikinsu, don ya sanyaya mini rai, ya ce ko da katafila titin ba zai wuce shekara biyar ba. Wataƙila haka ne. Amma shekara biyar ba kaɗan ba ce ga mai gidan abinci ko mai gidan mai.

Yanzu idan na shiga shagon gari hira takan tsaya. Ba wanda ya zage ni, na ma fi son a zage ni. Na haɗu da Opal tana buga katako a tagogin ɗakunan baƙinta. Na ce in taya ta, ta miƙo mini guduma ba tare da ta dube ni ba. Muna cikin aiki ta ce, “Ni baki kawai gare ni, Eino. Makullin katafila a aljihunka yake.” Na ce haka ne. Ta ɗauko wani katako ta ce, “Da za a sake, da na sake faɗa maka. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.”

Takardata ta fito. An sallame ni daga ƙarshen Janairu saboda saɓa umarni da salwantar da kayan gwamnati. Fansho babu, sai ɗan abin da aka riƙa cirewa daga albashina za a mayar mini. Wendell an mayar da shi wata tashar ma'aikatarmu a gabas. Ya tafi da matarsa a bayan wata motar itace da ta yi kasadar shigowa, tana riƙe da ciki da hannu biyu. Da zai hau ya ce, “Shugaba, in namiji ne ba zan sa masa sunanka ba, kada ya taso da taurin kai.” Ya yi dariya, idonsa ya cika.

Idan iska ta taso daga arewa warin kifin yakan rufe gari. A takarda har yanzu aikina ne in kawar da shi. Ba wanda ya tambaye ni.

Ki gaida Hazel. Kada ki gaya mata komai tukuna.

Mijinki,
Eino


Sorrel
Fabrairu, 1967

Verna, masoyiyata,

Gaisuwa da kewa. Wasiƙarki ta iso a aljihun fasto, ta ɗan jiƙe amma na karanta ta duka. Hazel ta haɗo da tata takardar. Ta gaya mini abin da kika ɓoye, cewa kin kwana biyu a asibiti bayan Kirsimeti. Kada ki yi mata faɗa.

Kin tambaya ko na samu mai sayen gidan. Na liƙa sanarwa, ruwa ya wanke ta, na sake liƙawa. Gidaje nawa ke nan a layinmu da irin wannan sanarwa? An rufe gidan mai. Makaranta za ta rufe in an yi hutu. Opal ta tafi wajen ɗanta a birni, ta bar mini makullanta in riƙa leƙawa. Masunta suna kai jiragensu tashar da ke da titi. Na rubuta wa masu yankan itace da wani kamfanin fasa dutse neman aiki. Ɗaya ya amsa, ya tambayi shekaruna, daga nan ban sake jin su ba.

Aikina na ƙarshe na yi shi ranar da wa'adina ya cika. An turo shingen ƙarfe da allo mai cewa an rufe hanya, aka ce in kafa a mararraba, wurin da titinmu ya rabu da babban titi. Na tafi da ƙafa, na zagaya ramin ta cikin daji. Mista Purcell ne ya kawo kayan, ya tuɓe kwat ya riƙe mini turaku ina zuba siminti. Na yi shi da kyau, zai daɗe. Da muka gama ya ce in shiga mota ya kai ni tashar jirgin ƙasa in ina so, shi zai saya mini tikiti. Na tsaya na yi tunani. In zo gidan mijin Hazel da jaka ɗaya, su ciyar da ke su ciyar da ni? In na bar gidan nan damina ɗaya ba kowa, danshi zai cinye shi, kuma shi ne kaɗai abin da muka mallaka. Na gode masa, na miƙa masa makullin tashar aikinmu, na sunkuya ta ƙarƙashin shingen na kamo hanyar gida.

Kin rubuta cewa in ni ba zan zo ba, ke za ki dawo, wai gara ki yi tari kusa da ni. Na karanta wurin nan ya fi a ƙirga. Ki saurare ni, Verna. Bangon ɗakinmu ya yi baƙi da danshi. Likita ya daina zuwa. In numfashinki ya sarƙe, ba motar da za ta fitar da ke, kuma gwiwata ba za ta iya goya ki ta cikin daji ba. Tun da muka yi aure ban taɓa hana ki shiga gidanki ba. Yau na hana ki. Kada ki zo.

Ki riƙa rubutowa. Fasto yana fita duk mako biyu.

Mijinki mai ƙaunarki,
Eino