Gishirin Perumal

Ipoh

Akka Vasuki, yayata,

Don girman Ubangiji ki faɗa mini, ta yaya mutum zai san gishiri ya ji a tukunya in bai ɗanɗana ba? Au, na manta gaisuwa. Ina gaishe ki da kyau, da maigidanki, da yara. Na iso lafiya.

Ba ki gaya mini haka aikin nan yake ba. Kin ce girki ne a gidan bautar Perumal, na ce ai girki sana'ata ce, tun ina ƙarami nake shagon shinkafa har aka rufe shi. To, shugaban madafar, wani tsoho Ayya Thirumalai, ranar farko ya ce mini nan ba albasa, ba tafarnuwa, kuma ba a ɗanɗanawa. Ko shanshanawa da gangan ba a yi. Wai abincin na Perumal ne, shi zai fara ci, mu sauransa za mu samu. Na ce to in gishiri ya yi yawa fa? Ya ce in je in yi shara.

Sharar ma wai ta Perumal ce. Mutumin nan in zai ɗauki tsintsiya sai ya ce “naka ne.” In zai kankare kwakwa, “naka ne.” Jiya na ga ya yi tuntuɓe da bokiti, na jira in ji ko shi ma zai miƙa masa. Ni na ɗauka ibada ita ce a kunna fitila a haɗa hannu a tafi. Nan ko wankin tukunya sai an sa Ubangiji a ciki. Kaina ya ɗaure.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Kathir

*

Teluk Intan

Thambi,

Ƙanena, mun samu takardarka, kowa lafiya, yara na gaishe ka. Kathir, surukina ne ya roƙi Ayya ya ɗauke ka, kuma ni na sa shi. In ka dawo, ka san babu abin da ke jiranka sai yankan kwakwar manja a gona, kai da ko lauje ba ka iya riƙewa ba. Ka rufe bakin nan naka, wajen magana da wajen tukunya duka. Perumal ya tsare ka.

Yayarka

*

Ipoh

Akka,

Ina gaisuwa. Kada ki yi faɗa sai kin karanta har ƙarshe.

Ranar Asabar Ayya ya bar mini babbar tukunyar shinkafar tsamiya. Na soya kayan ƙamshi, na dama tsamiya, komai ya yi kyau. Akka, ban san lokacin da hannuna ya je ba. Hannun ne ya saba. Na ɗiga romon a tafi na lasa, a gaban kowa, har na ce “saura kaɗan.”

Kowa a madafa ya juyo ya kalle ni. Ayya bai ɗaga murya ba, da ya zage ni ma ya fi mini. Ya sa aka janye tukunyar gefe, ya ce wannan ta zama tawa, ba za a kai wa Perumal ragowar bakina ba. Shi da kansa ya ɗora sabuwa, da ciwon gwiwarsa, mutane na zaune a waje da ganyen ayabar da za su ci a kai suna jira. Yanzu masu aiki sun sa mini suna “Wanda Ya Riga Perumal.” In na shigo sai su ce a ba babban baƙo wuri.

Ni fa don kada a kai masa abu salam na yi! Wace irin girmamawa ce a ba Ubangiji abin da ba ka tabbatar ba? Ki tuna girkin mahaifiyarmu, marigayiya Amma. Kina jin zai yi daɗi haka da ba ta ɗanɗanawa?

Ayya ya ce ranar bikin wata mai kamawa zai sake ba ni tukunyar. In hannuna ya sake zuwa baki, in haɗa kayana. Na rasa yadda zan yi.

Kathir

*

Teluk Intan

Thambi,

Na karanta, na yi fushi, daga baya na yi dariya har yara suka leƙo. Amma ce ke ɗanɗanawa? Kai da ba ka shigowa gida sai ka ji an sauke tukunya, me ka sani? Ni ce nake tsaye kusa da ita. Ba ta taɓa kai cokali baki ba sai ta ɗibi kaɗan a ganye ta ajiye gaban fitila. Takan zuba gishiri, ta faɗi abin da Ayya ke faɗa, ta rufe, ba ta ƙara waiwaya. Wata rana ya ji, wata rana ya gaza. Kai kuwa kullum har ganyen kake lashewa.

Ka zuba, ka rufe. Ina maka addu'a.

Yayarka

*

Ipoh

Akka,

Gaisuwa a gurguje. An yi biki. Na zuba gishirin, na ce “naka ne,” na cusa hannuwana a hammata har aka ɗauke tukunyar. Gumi kamar an yi mini wanka. Da aka fito da ita daga gaban Perumal na samu nawa a ganye. Gishiri ya ɗan gaza, Akka. Na zauna bayan madafa ina ci, sai na ji kamar a gida nake.

Na tari Ayya yana wanke hannu, na tambaye shi ko ya ji gishirin.

Ya ce, “Ni ka dafa wa?”

Shi ke nan fa. Wanda na dafa wa kuma bai ce komai ba. To wa zan tambaya? Ayya dai ya ce gobe in zo da wuri, akwai wata tukunyar.

Bari in tafi, ga tukwane can jibge suna jirana, su ma wai nasa ne.

Ƙaninki, Kathir