Ranka Ya Daɗe, Ka Fidda Ni Daga Ɗakin Tankaɗen Citta

Zuwa ga Manajan siton citta da nake aiki a Kafanchan,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya iyali, ya kasuwa? Ni ne Danjuma na Nok, wanda duk sito ke kira Tirela. Rubutuna ba kyau, makaranta ban yi nisa ba, amma a ɗaukan buhu ni farfesa ne. Na yi ta zuwa ofis ana ce mini kana mitin, shi ya sa na kawo maganan nan fili kowa ya karanta.

Na ɗaya. Ka san ni. Buhu biyu nake ɗorawa in hau mota ina waƙa, ina tsokanan masu ɗaukan ɗaya. Direbobin Kagarko har tsayawa suke su kalle ni. Sai korona ya kama ni, ya sauka a ƙirji ya zama nimoniya. Na daɗe kwance da roban iska a hanci. Ku a sito kuna cewa ai ciwon manyan Abuja ne, ina Tirela ina korona. To, ya same ni.

Na biyu. An sallame ni, numfashi bai biyo ni gida ba. Likita ya ɗauki hoton ƙirji, ya nuna mini tabo a huhu, ya ce ba lallai ya goge ba. Ya ce wanda ciwon ya kayar sosai, da mai shekaru, da mai shan sigari, su ya fi bari da tabo. Duka ukun ina ciki, ban musa ba. Sigari na jefar. Ya ja mini kunne a kan ƙura da hayaƙi.

Na uku, nan ne zafin. Da na dawo ka ce ka tausaya mini, ka cire ni daga dako, ka ba ni aikin zama. Aikin zama a sitonmu shi ne ɗakin tankaɗe, inda ake kai tsofaffi da masu ciwon baya. Taga ɗaya ce, ita ma buhuna sun toshe ta. Busasshen citta ake kaɗawa a rariya, mai lafiya ma atishawa yake har hawaye. Ranka ya daɗe, bayana garau yake. Huhu ne ya lalace, kai kuma ka ɗauki huhun ka zaunar cikin yaji. Na faɗa wa foman, ya ce in gode Allah na samu kujera.

Yanzu daga bakin titi zuwa ƙofan gidana sai na tsaya ina haki kaman tsohon babur a tudu. Na bar waƙan kwaya a coci. Matata Saratu ke sauke jarkan ruwa, ni Tirela ina kallo.

Roƙona ba yawa. Ka mai da ni bakin sikeli a waje, inda iska ke wucewa. Idona ras, ba mai ha'intata a awo. A kwashe buhunan da suka toshe tagan nan. Kuma duk wanda korona ya taɓa wa ƙirji, dan Allah kada a ƙara tausaya masa da wannan ɗaki.

Allah ya buɗe maka kasuwa, ya raya yaranka, kada ya nuna maka ranan da za ka roƙi numfashi. Kai ka taɓa cewa in ba Tirela, sito ba dariya. Labaran ban dariyan suna nan a bakina. Amma in na fara, tari ke ƙarasawa, kuma ba wanda ke dariya.

Wassalam,
Danjuma Tirela