Gafarar da Na Yi wa Ishaya

Zuwa ga Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina fatan kina lafiya, da Baban Talatu da yara. Yaya sanyin Jos, yaya ƙafarki? Mu nan Gwarzo sai godiya.

Yaya, maigidana Ishaya ya yi mini laifi. Ƙarshen littafin soyayyar da nake karantawa ya yage ya hura wuta, ban ma san ko an ɗaura auren ba. Na daina yi masa magana, ina jira ya durƙusa da hawaye irin na mazan littafi.

Sai ga Lahadin Jibin Ubangiji, ranar cin gurasar tunawa da mutuwar Almasihu. Fasto ya ce Almasihu ya fanshe mu da jininsa tun kafin mu roƙa, don haka mai riƙe da wani a zuci ya je su shirya kafin ya ci. Na ga da ni ake. Na ja Ishaya bayan majami'a na ce, "Maigida, na yafe maka yadda aka yafe mini."

Ya ce, "Na gode. Me na yi?" Ashe shi a zatonsa ciwon haƙori nake, har ya sayo mini kanumfari.

Na tambayi Maman Fasto ko gafara tana yiwuwa ga wanda bai san laifinsa ba. Ta ce ai haka Allah yake fama da mu kullum. Na ci Jibin, amma da ƙyar ya wuce.

Ki sa ni a addu'a, don har yanzu zuciyar tana ɗan tafasa. Ki gaishe mini da Gwaggo Lami.

Ƙanwarki,
Rahila